Tambayi Likita: Jinin da Ke Bin Siraran Jijiyoyi

Wasiƙun da suka zo mini wannan watan, daga mai zancen sikila sai mai zancen suga sai mai zancen jego, amma kusan dukkansu wuri ɗaya suka nufa, wato 'yan siraran jijiyoyin jini waɗanda ido ba ya iya gani. Na haɗa su wuri guda, na taƙaita masu tsawo.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ranar Asabar wasu mutane suka kafa rumfa a unguwarmu suna duba lafiya kyauta. An ɗiga mini mai a gindin farce, aka ɗora wani ɗan madubi, sai ga wasu jajayen zare-zare sun bayyana a allon kwamfuta. Mai dubawar ya ce jijiyoyina sun toshe, jinina ya yi kauri, in ban sayi maganinsu ba shanyewar ɓarin jiki na nan tafe. Kuɗin maganin ya fi albashina na wata. Shin da gaske ana iya ganin jijiyoyin mutum haka? Daga wani malamin firamare, Tudun Wada, Zariya.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Abin da idonka ya gani gaskiya ne, jijiyoyinka ne. Fassarar da aka yi maka ce ba ta da tushe, don haka riƙe albashinka.

A gindin farce, inda fata ta yi laushi, siraran jijiyoyin suna kwance ne a jere, kowace ta je ta lanƙwaso ta dawo, shi ya sa in an sa mai aka haska ake ganinsu. Likitocin ciwon gaɓɓai suna yin wannan dubawa, amma galibi don abu ɗaya: mutumin da yatsunsa ke yin fari fat ko shuɗi in sanyi ya taɓa shi, ana so a san ko akwai cutar nan mai taurara fata da ke ɓoye a bayan abin. Kuma sai an zaunar da shi ya huta a ɗaki mai ɗumi, bai sha taba ko shayi mai ƙarfi ba, aka duba yatsu da dama. Mai lafiya garau ma za ka ga wasu jijiyoyin nasa sun karkace, wasu sun harɗe. Babu wanda zai kalli yatsa ɗaya a rumfa, cikin iskar hunturu, ya ce maka ga ranar da ɓarin jikinka zai shanye.

Tun da ka gan su, bari in gaya maka abin da ka gani. Babbar jijiyar da ke fita daga zuciya ta fi babban yatsanka kauri. Tana rarrabuwa, rassan su sake rarrabuwa, har a kai ga waɗanda faɗinsu bai wuce maikuromita 5 zuwa 10 ba (maikuromita dubu ne ke yin milimita ɗaya). Silin gashin kai ɗaya ya kai wajen 70. Jan ƙwayar jini kuwa faɗinta 7 zuwa 8 ne, don haka a wurare da yawa sai ta naɗe jikinta kafin ta wuce, kuma ɗaya bayan ɗaya suke bi. Bangon jijiyar ƙwayar halitta ɗaya tal ce kaurinsa. A nan ne kawai, cikin kamar daƙiƙa ɗaya da jinin ke yi yana wucewa, oksijin da abinci ke fita zuwa nama, datti kuma ya shigo. Wanda ya san noman rani a bakin Galma ya san zancen: injin na iya ta ruri, babbar hanya cike da ruwa, amma in 'yar hanyar da ke shiga fangali ta toshe, tumatirin wannan fangalin ƙishi zai kashe shi.

An daɗe ana zaton akwai su kafin a gan su. Ibn al-Nafis, likitan nan haifaffen Sham da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, ya rubuta cewa jini daga ɓangaren dama na zuciya ta huhu yake bi ya koma hagu, kuma dole akwai wasu 'yan kafofi da ke haɗa hanyoyin biyu a cikin huhun. William Harvey na Ingila ya tabbatar a 1628 cewa jini zagayawa yake yi, amma har ya mutu bai ga mahaɗar ba. Sai a 1661, shekara huɗu bayan rasuwarsa, Marcello Malpighi na Italiya ya sa huhun kwaɗo a ƙarƙashin madubin ƙara girma ya gan su ƙuru-ƙuru. August Krogh na Danmak ya ci kyautar Nobel a 1920 saboda aikinsa kan yadda jinin da ke bin su ke ƙaruwa in tsoka ta shiga aiki, ko da yake masana na jayayya kan wasu bayanansa har gobe. A 1998 kuma wasu Amurkawa uku, Furchgott da Ignarro da Murad, suka ci kyautar don gano cewa shimfiɗar cikin jijiya tana fitar da wata iska, naitirik oksaid, wadda ke sa jijiyar ta saki jiki ta buɗe. Ka riƙe sunan iskar nan, za ta sake fitowa a amsa ta gaba.

Abin da ke nuna hatsarin shanyewar ɓarin jiki shi ne awon hawan jini, sai suga, sai shan taba. Je ka asibitin da ke kusa da kai a ɗaura maka abin awo a dantse, a maimaita wata rana daban. Kuɗinsa bai kai na kwanon shinkafa ba.

TAMBAYA: Likita barka da aiki. Ɗana mai shekara tara sikila ne. Duk shekara da zarar hunturu ya shigo sai ciwon ƙashi ya tashi, mu yi ta zaryar asibitin Shika. Kakarsa ta ce sanyi ne ke shiga ƙashinsa. Mene ne haɗin sanyi da ciwon, kuma me zan yi? Daga wata uwa, Tudun Jukun.

AMSA: Sannu Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ladan jinya. Kakar tasa ta lura daidai, sai dai ba ƙashin sanyin ke shiga ba, jijiyoyin yake matsewa.

Sinadarin da ke ɗaukar oksijin a jinin ɗanki, da zarar ya sauke kayansa, sai ya fara harhaɗewa ya zama dogayen sanduna a cikin jan ƙwayar jini, ta sandare ta koma siffar lauje. Amma hakan ba nan take yake faruwa ba, akwai ɗan jinkiri. In ƙwayar ta samu ta fice daga siririyar jijiya kafin ta sandare, ta tsira, ta koma huhu ta ɗauki oksijin ta warware. Duk abin da ya rage gudun jini, shi ke sa lokaci ya cim mata a ciki. Sanyi yana sa jijiyoyin fata da na gaɓɓai su tsuke, kuma tsukewa kaɗan ba ƙaramin abu ba ce: wani likitan Faransa, Poiseuille, ya nuna tun a shekarun 1840 cewa in faɗin bututu ya ragu da rabi, ruwan da ke wucewa ba rabi yake komawa ba, kashi ɗaya cikin sha shida yake komawa. Ga kuma busasshiyar iskar hunturu tana zuƙe ruwan jiki ta numfashi, yaro ba ya jin ƙishi saboda sanyi, jini ya ƙara kauri.

Da can an ɗauka sandarewar ce kaɗai matsala. Bincike daga wajen 1980 zuwa yau ya nuna ƙwayoyin mai sikila danƙo gare su, suna mannewa a bangon jijiya, fararen ƙwayoyin jini ma su manne, sannan sandararrun su zo su maƙale a kansu. Ƙari a kan haka, ƙwayar mai lafiya tana kwana 120, ta mai sikila kuwa 10 zuwa 20 ta fashe, abin da ya zube daga cikinta ya cinye iskar nan mai buɗe jijiya. Naman da jini bai kai masa ba shi ke yin wannan azabar.

Abin yi a gida: ruwan ɗumi don wanka da alwala, wankan ma a bari sai rana ta ɗaga, rigar sanyi, hula da safa, musamman lokacin tsayuwar safe a makaranta da kan babur, gorar ruwa a jakarsa, a riƙa tuna masa ya sha. In ciwo ya taso a gasa wurin da tsumma mai ɗumi, kada a kuskura a sa ƙanƙara. Zazzaɓi, ciwon ƙirji ko haki, ɗashewa farat ɗaya da kumburin ciki ta hagu, karkacewar baki ko mutuwar hannu, waɗannan ba a kwana da su a gida.

Ki tambayi likitansa zancen haidiroksiyuriya. Maganin yana sa jiki ya ƙara yin irin sinadarin jinin da jariri ke da shi a ciki, wanda ba ya sandarewa, yana kuma rage fararen ƙwayoyin da ke mannewa. Tun 1995 aka nuna a Amurka yana rage tashin ciwo, an kuma gwada shi a kan yaranmu a Kano don kare su daga shanyewar ɓarin jiki. Ana shan sa ne da awon jini lokaci-lokaci, ba a kemis ake yanke shawararsa ba. Akwai kuma hoton gudun jinin ƙwaƙwalwa da ake so a riƙa yi wa masu sikila duk shekara daga shekara 2 zuwa 16. Wannan manyan jijiyoyi yake dubawa.

Kada kuma ki ji labarin sabon magani a Facebook hankalinki ya tashi don ba ki da kuɗinsa. Akwai wata allura da aka ƙera musamman don hana wannan mannewar, Amurka ta amince da ita a 2019, amma da aka sake gwada ta a babban gwaji ba ta fi allurar da ba magani a cikinta ba, Turai ta janye izininta a 2023. Ni dai tsohon maganin nan mai araha na fi amincewa da shi.

TAMBAYA: Ina da ciwon suga shekara goma sha biyu. Ina gani sarai, ina karatun Alƙur'ani ba tabarau, amma likita ya nace sai na je an duba idona. Abin da ke damuna shi ne ƙafa, zugi da dare, da rana kuma ba na jin takalmi sosai. Daga wani dattijo, Kwarbai, cikin birni.

AMSA: Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ka je, likitanka na da gaskiya, kuma ƙafar ce ma hujjarsa. Jijiyoyin da ke kai saƙon ji daga ƙafa su ma siraran jijiyoyin jini ne ke ciyar da su. Suga in ya daɗe a sama yana kaurara bangonsu, yana kashe 'yan ƙwayoyin da ke riƙe da su ta waje, sai su fara yoyo, wasu su toshe. Ɓarnar wuri uku ta fi kamawa: ƙafa, ƙoda da bayan ido. In ta bayyana a ɗaya, sai a leƙa sauran.

Bayan ido shi ne wurin da likita ke kallon jijiyoyin jini kai tsaye ba tare da ya yanka kowa ba. Ana ɗiga magani ƙwayar ido ta buɗe, a haska. Abin da muke gani da farko 'yan jajayen ɗigo ne, inda bango ya yi rauni ya kumbura, sai ɗan jini nan da can, sai wani rawaya-rawaya inda kitse ya tsatso. Duk wannan yana iya shekaru mutum na karatunsa lafiya, domin ɓarnar ba ta kai tsakiyar gani ba. Ranar da gani ya dushe, aiki ya riga ya yi nisa. In an kama da wuri akwai haske na leza, akwai allura, kuma ana samun masu duba wannan a asibitin koyarwa na Shika da Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna.

Manyan bincike biyu suka tabbatar cewa riƙe suga na hana wannan: ɗaya a Amurka da Kanada a 1993, a kan mutum 1,441, ɗaya kuma a Ingila a 1998, wanda ya ƙara nuna cewa sauke hawan jini ma yana kare ido da ƙoda. Saboda haka duk shekara: ido, fitsari a nemi furotin a ciki, da ƙafa.

Ƙafar da ba ta ji kuwa ido ne ke gadinta. Ka zazzage takalmi kafin ka sa. Kada ka taka dandaɓen harabar masallaci ba takalmi da azahar lokacin bazara. Bayan alwala ka goge tsakanin yatsu. Kada ka miƙa ƙafa kusa da kaskon wuta, na ga dattawa da dama da suka ƙone tafin ƙafa sai wari ne ya sanar da iyalinsu. Masu yankan farce na yawo kuma a yi musu sallama.

TAMBAYA: Jinin da wanzami ke fitarwa in ya yi ƙaho baƙi ne ƙirin, ya ce mataccen jini ne da ya kwanta a jijiya. Haka ne? Daga wani ɗan kasuwa, Sabon Gari.

AMSA: Alhaji, hukuncin ƙaho na malamai ne, ni jinin kawai zan yi wa magana. Tsagar wanzami siraran jijiyoyin fata take yankawa, zuƙar ƙahon ta jawo jinin. Ya yi duhu ne don ya riga ya sauke oksijin ɗinsa, ya kuma daskare a cikin ƙahon; in aka ɗebi jini a hannunka da sirinji aka ajiye, haka zai yi. Jini ba ya kwanciya a jijiya yana jiran a zo a kwashe shi. In za ka yi, ka sayi sabuwar reza da kanka saboda ciwon hanta. Mai sikila, mai ƙarancin jini, mai shan maganin tsinka jini, da mai suga a ƙafarsa, su haƙura.

TAMBAYA: 'Yata mai shekara uku ta yi zazzaɓi har ta suma. A asibiti na ga nas tana matsa farcenta tana ƙirga wani abu, likita ya haska cikin idonta, kuma ruwan da aka sa mata a hankali yake ɗiga, na roƙa a ƙara gudu aka ƙi. Ta warke, alhamdu lillahi, amma abin ya tsaya mini a rai. Daga wani uba, Samaru.

AMSA: Barka da arziki, Malam. Sun yi maka aiki mai kyau.

Matsa farce awo ne na siraran jijiyoyi, kuma kai ma za ka iya: ka danna farce ko tafin yatsa daƙiƙa biyar har ya yi fari, ka saki. Ya kamata launi ya dawo cikin daƙiƙa biyu. In ya wuce uku a yaro mai zazzaɓi, jini ba ya isa gefe yadda ya kamata. Sanyi na jinkirta shi, lalle kuma na rufe farcen, sai a danna ƙirji. Amfaninsa shi ne yaro na iya riƙe awon hawan jininsa daidai har kusan ƙarshe, alhali can ƙasa abubuwa sun lalace. A 2002 likitoci a Beljiyam suka sa 'yar kyamara ƙarƙashin harshen masu gubar ƙwayoyin cuta a jini, suka ga wasu siraran jijiyoyin na gudu, na kusa da su kuma tsaye cik, kuma abin ya fi muni ga waɗanda daga baya suka rasu.

Maleriya mai tsanani ma a nan take ɓarnarta. Ƙwayar cutar tana shiga jan ƙwayar jini ta sa mata wasu ƙuraje masu danƙo a baya, ta manne a bangon siraran jijiyoyin ƙwaƙwalwa don kada jini ya kai ta saifa a hallaka ta. Likitoci a Blantyre ta Malawi sun nuna cewa ana ganin alamar hakan a bayan ido, fari-fari da ɗigon jini, kuma ita ke bambanta suman maleriya da na wata cuta. Dalilin haskawar ke nan. Maganin da ya fi shi ne allurar atesunet: a gwajin 2010 a kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, har da Ilori, mutuwa ta sauko daga kashi 10.9 cikin ɗari da kwinin zuwa 8.5.

Zancen ruwa kuwa, mu kanmu likitoci da can haka muka ɗauka, a sake shi da gudu. Sai aka gwada a Yuganda da Kenya da Tanzaniya a kan yara fiye da 3,000 masu zazzaɓi mai tsanani, sakamakon ya fito a 2011: waɗanda aka ɗura wa ruwa da sauri sun fi mutuwa cikin kwana biyu, wajen kashi 10.5 cikin ɗari, sauran kuwa 7.3. Tsayar da gwajin aka yi tun bai ƙare ba. Amma a kula, wannan bai shafi mai amai da gudawa ba; shi ruwan ne ya zube, kuma mayar da shi da wuri ne ke ceton ransa.

TAMBAYA: Likita, ƙanwata ta haihu wata biyu, ta yi wankan jego ta sha kunun kanwa kamar kowa. Yanzu ƙafafunta sun kumbura, ba ta iya kwanciya sai ta jingina, tana tari da dare. An ce ciwon zuciya ne. Mijinta ya ɗora laifin a kan mahaifiyarmu da ta yi mata wankan. Daga wata 'yar'uwa, Ƙofar Doka.

AMSA: Malama, wannan ciwo Zariya ta san shi, duniya ma ta nan ta ƙara saninsa. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka rubuta cewa kusan mace ɗaya cikin ɗari da ta haihu a nan tana samun gazawar zuciya, adadin da ya fi na kusan ko'ina. Sun danganta shi da kanwa, da ruwan zafi, da kwanciya a gadon ƙasa da wuta a ƙarƙashi har kwana arba'in. Hujjarsu mai ma'ana ce: kanwa gishiri ce mai tara ruwa a jiki, zafi kuma yana buɗe jijiyoyin fata, zuciya ta ƙara aiki.

Sai dai bincike bai tsaya nan ba. Wani babban nazari a asibitocin Nijeriya da Farfesa Kamilu Karaye na Kano ya jagoranta bai sami alaƙa tsakanin ciwon da wanka ko kunun ba; abin da ya fito shi ne rama, rashin abin hannu, da hawan jinin masu ciki. A Hanoba ta Jamus kuma, a 2007, an nuna a jikin ɓeraye cewa sinadarin da ke kawo ruwan nono yana iya tsagewa, guntunsa ya riƙa lalata siraran jijiyoyin da ke ciyar da tsokar zuciya ita kanta, har ta raunana. Daga nan aka fara gwada maganin da ke tsayar da wannan sinadari. Yana ƙafar da nono, kuma a wurinmu, inda madarar gwangwani ta fi ƙarfin gidaje da yawa, ba shawara ce da za a yanke da wasa ba. Sai likitan zuciya ya auna.

Saboda haka ki gaya wa mijin ya sassauta wa surukarsa, babu mai iya rantsuwa cewa wankan ne. Amma yanzu da zuciyar ta yi rauni, kanwa da yawan gishiri da dunƙulen miya su tsaya, ruwan wanka ya zama mai ɗumi kawai. A yi mata hoton zuciya, ta riƙe magungunanta ko ta ji sauƙi, a sake hoton bayan wata shida. Da yawa zuciyarsu na farfaɗowa. Kada ta sake ɗaukar ciki sai likitan zuciya ya ga hoton ya yarda, kuma wannan maganar a yi ta a gaban mijin.